Rariyar Gidan Ya Kaka

Yakasai, bazarar 1936

Lahadi, da hantsi

An gama katangar. Na tsaya a jikinta na gwada, ta fi ni da kamu guda. Yanzu tsakar gidan ta rabu biyu: ni da matata Tani a sashen bakin lungu, da ɗan soronmu da ƙofarmu, sauran 'yan haya kuma can ciki da rijiyarsu da ihunsu. Gidan na Ya Kaka ne, amma ni na sayi tubali, ni na sallami magini. Haka na saba. Tun da na bar Midil a aji biyu don ba mai riƙe ni, ba wanda ya taɓa miƙo mini komai, har na zama akawun sikeli a kanti, har na hau keke.

Na shiga na gaya wa tsohuwar. Idonta ya yi rauni, ba ta fitowa daga ɗaki, amma bakin yana nan. Ta ce, "Jibrin, zamanin maigidana ayarin Barno guda ya kwana a gidan nan da jakunansa, ko zana ba a ja ba. Kai ɗaya ya yi maka kaɗan?"

Na ce fatake ba sa shan zaƙami.

Ta ce, "Au, Bafillacen nawa ne ya dame ka? Bawana ne, ka bar mini abina."

Isiyaku take nufi. Kullum haka suke, tana ce masa bawanta, yana ce mata Barebari ba su iya komai ba sai tsaga fuska. Shi ya sa ba za ta taɓa korarsa ba.

Magini ya bar rariya a gindin katangar, daidai bayan ɗakin Isiyaku. Gidan gangare ne. Ruwan sashensu ta nawa yake bi ya fita lungu.

Talata, bayan La'asar

Ni na kawo shi gidan nan, ga mai son jin gaskiya. Kakar gyaɗar bara waccan ya zo daga ƙauye yin dako. Yana saɓa buhu yana yi wa sikeli waƙa, har Baturen kanti yakan leƙo. Na ga yaro mai hankali, na ce akwai ɗaki a gidanmu. Ya ɗauko matarsa Hasana. Sai abokin dakonsa, Salihu, ya kama ɗakin kusa da zaure. Salihu ne ya koya masa: a daka 'ya'yan zaƙami kaɗan a dama a kunu, sai buhu ya koma kamar matashin kai. Gyaɗa ta ƙare, dako ya ƙare, kunun bai ƙare ba.

Yau na iske su a ƙofar gida. Isiyaku yana tsintar wani abu a iska yana zubawa a hula. Ido baƙi wuluk, leɓe a bushe. Ya miƙo mini hular, ya ce, "Malam Akawu, auna mini wannan, kada ka danne sikeli." Mutane suna dariya. Ban sauka daga keke ba.

Laraba, da safe

Ashe katanga ido take tarewa, ba kunne ba.

Juma'a, kafin masallaci

Na fito wanka na tarar da Tani a tsugune a gindin katanga tana magana da ƙasa. Na ce lafiya? Ashe Hasana ce a ɗaya ɓarin, ta rariya suke hira. Ta nan gishiri yake wucewa a ƙunshe a ganye, ta nan daddawa, har garwashi a kasko.

Na ce, "Hanyar ƙazanta kuka mai da kasuwa?"

Ta ce, "Malam, ita kaɗai ka bar mana."

Ban hana ba. Hasana ba ta yi mini komai ba. Surfe da niƙa take yi wa mutane, da shi suke ci. Tani ta ce ɗakinsu bai ga yaɓe ba tun da suka shiga, gindin bangon duk ya zaizaye, ƙadangaru suna kwana a tsagar. Wannan ba ruwana. Ni na yaɓe nawa tun sanyi, har da makuba.

Asabar, da yamma

Ban so in rubuta wannan ba.

Abokan aikina biyu sun zo ganin sabon wurin. Muna soro, na sa an kawo goro, suna yaba ginin. Sai muka ji murya daga cikin gidana, muryar namiji: "Tani! Tani matar Akawu! Ruwa!"

Sunan matata. A bakin ƙato. Gaban baƙi.

Na shiga da gudu. Ba kowa sai Tani ta maƙale a ƙofar madafi. Sannan na ga hannun. Isiyaku ne, ya kwanta rub-da-ciki a can, ya zuro hannu ta rariyar har kafaɗa, yatsun suna laluben ƙasa. Rijiya tana bayansa, amma wai nan zai sami ruwa. Na taka hannun. Bai ma ji ba.

Da na koma soro, ɗaya daga cikin baƙin yana duban ƙasa, ɗayan yana gyara hula. Suka ce rana ta yi. Litinin duk kanti zai ji.

Litinin, bayan Magariba

Na toshe rariyar. Duwatsu na jera, na liƙe da ragowar simintin gyaran sito da na taho da shi a gwangwani. Laka ruwa yana cin ta, hannu ma yana ƙwaƙule ta. Wannan kuwa sai guduma. Da hannuna na yi, kuma ya yi kyau, sumul.

Tani ta ce, "Damina fa?"

Na ce ina da ido, ina ganin sama. Zan buɗe kafin ruwa.

Laraba, da Azahar

Isiyaku ya tare ni a bakin lungu, garau, kamar ba shi ba. Ya wanke riga. Ya durƙusa har ƙasa.

"Malam Akawu, an ce na yi abin kunya. Wallahi ban san na yi ba. Hasana ta ba ni labari, na rasa inda zan sa kaina."

Na ce ai ka san inda kake sa hannunka.

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da. Ya ce, "Na ga aikin Bature a gindin katanga. Ka toshe wa gida hanci, Malam, ta ina zai yi numfashi?"

Kaɗan ya rage in yi dariya ni ma. Na daure. Na ce ranar da ka bar kunun nan, ka yaɓe ɗakinka kamar magidanci, ranar zan buɗe. Ya ce, "Shi ke nan? Ai ka yi araha." Ya kama sitiyarin kekena ya tura mini har ƙofa, yana buga ƙararrawa kamar ɗan sarki.

Juma'a, da yamma

Shiru a sashensu tun shekaranjiya. Har Tani ta ce kunnenta yana yi mata wani iri.

Lahadi, da hantsi

Na hau rufin ɗakina duba indararo, ba leƙe na je ba. Na hango Isiyaku ya tara ƙasa daga kududdufi, ya zuba ramno, yana cuɗawa da ƙafa. Hasana tana ɗebo masa ruwa. Gumi kamar an watsa masa, amma yana yi. Salihu yana zaune a inuwa da ƙwarya a gabansa, yana ce masa, "Magini, sannu da aiki! Zo ka jiƙa maƙoshi." Bai waiwaya ba.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ɗaga mini ƙafa ɗaya, jage-jage da laka, ya ce, "Malam Akawu, ka shaida!"

Na ce na gani.

Ya cika rabin alkawari. Na san haka. Amma a gaban mutane ya kunyata ni, ya kamata a gaban mutane ya ba ni haƙuri, a zaure, bayan sallah. Ba wani abu mai wuya na nema ba. Ban dai gaya masa ba. Mai hankali ba sai an gaya masa ba.

Talata, da La'asar

Hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Ko ɗigo.

Laraba, da safe

Tani ta ce Hasana ta yi mata magana ta saman katanga, wai don Allah Malam ya taimaka, ƙasar yaɓe tana tsimuwa, jibi za a fara. Na ce wanda yake da buƙata ai yana da baki. Ta ce ya yi magana. Na ce ba a wurin da ya kamata ba.

Ta ce, "To in gaya mata yaya ya kamata?"

Na ce kada ki kuskura.

Alhamis, bayan Isha

Isiyaku ya je tasha neman dako don ya sami kuɗin ƙarasa yaɓen. An ce ba aiki sai kaka. Ya je Ƙofar Wambai, nan ma haka. Da yamma na ji waƙar sikeli ta bayan katanga, amma baitin ba ya haɗuwa, sai ya fara ya saki, ya fara ya saki. Na ji Salihu yana dariya. Na ji Hasana ta ce, "Haba, Isiyaku," sau ɗaya, a hankali.

To ka gani. Da na buɗe ranar Lahadi, da yanzu hannu ya dawo. Ni ne da gaskiya.

Ni ne da gaskiya.

Asabar, da Azahar

Ƙasar yaɓen ta bushe a inda take, kaji suna tono. Na iske Tani da muciya tana ƙwaƙular simintin. Na karɓe. Na ce gidan nan magana ɗaya ake yi, kuma ni nake yin ta. Na ce mata zan buɗe, amma a lokacina, kada ya ɗauka sha ne ya buɗe masa.

Litinin, da safe

Gobe, in sha Allahu. Sai na aro guduma a sito.

Talata, da yamma

An kawo fatu da yawa, ban sami sukuni ba. Gudumar tana soro.

Laraba, da Magariba

Sama fes. Tsofaffin masallaci sun ce da saura.

Alhamis, bayan Magariba

An yi ruwa.

Juma'a, da hantsi

Na yi ɗan wani aiki a gindin katanga da asuba, kafin mutane su fito daga masallaci. Bai ɗau lokaci ba. Shi ya fi damuna. Ko tukunyar koko ba ta tafasa ba na gama.

Ruwan da ya kwana a can ya bi ta tsakar gidana, ja wur. Na kwashe duwatsun na kai kududdufi.

Juma'a, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, don ina ganin kaina zai fi daidai in na gan shi a takarda.

Ina kanti ya sauko, wajen Azahar. Ban taɓa ganin ruwan farko irinsa ba. Na tsaya a baranda tare da sauran ma'aikata, ana ta murna, ana cewa bana za a yi shuka da wuri. Na tuna. Tun ɗigon farko na tuna. Amma na ce keke ba ya son taɓo, kuma farar riga ce a jikina, kuma ruwan farko ba ya daɗewa. Na ce bari ya tsagaita.

Da na iso lungu na ga mutane a babbar ƙofa da fatanya da kwanduna. A sashensu ruwa har gwiwa. Bangon bayan ɗakin Isiyaku ya jiƙe ta gindi ya zauna, azara ta biyo shi. Hasana tana gidan da take surfe lokacin. Shi yana ciki, barcin kunu. An ce Salihu ya yi ta jan ƙafarsa tun ruwa yana idon sawu, ya kasa ɗaga shi, ya fita neman mutane. Kafin su zo.

Na tuɓe rigar na shiga haƙa da hannu. Mutane sun gani. Har ana cewa, "Malam, bari, ka ji ciwo."

Alawayyon da na ajiye don ɗinkin riga na bayar, aka yi likkafani. Kafin rana ta faɗi an kai shi.

A gida na tarar da taɓaryar Tani ta tsage biyu a gindin katanga. Tafin hannunta duk ya saluɓe. Tun da ruwan ya fara take dukan simintin ita kaɗai, tana jin ruwa yana taruwa a can. Na ce bari in shafa miki man shanu. Ta ɓoye hannun a zane.

Asabar, da yamma

An yi sadakar uku a zaure. Mai unguwa ya zo, da liman, da dattijai. Bayan addu'a mai unguwa ya ce abin da bai gane ba shi ne yadda ruwa ya tsaya haka a gidan da yake gangare.

Sai Salihu ya miƙe. Bai sha ba, ni na san bai sha ba, amma idon bai gama komawa daidai ba, ga rigar laka tun ta shekaranjiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Akawu ne ya toshe rariya. Da ƙasar Bature, wadda take zama dutse."

Wani ya yi tsaki. Wani ya ce, "Ka ji zaƙami." Mai unguwa dai ya ce a je a duba. Dattijai biyu suka shiga, suka dawo. Suka ce a buɗe take, ana hango hasken ɗaya ɓarin, sai dai laka a bakinta, wadda ɗakin ya zubar. Liman ya ce wa Salihu, "Kai, ji tsoron Allah. Mutumin da ya haƙa da farcensa, ya ba da likkafani? Ka kashe abokinka da kunu, kuma kana neman wanda za ka shafa wa?"

Aka juyo ana ba ni haƙuri. "Malam, yi haƙuri, ba shi ba ne yake magana."

Na ce ba komai.

Abin da na ce ke nan duk zaman. Ba komai.

Ba wanda ya tambayi mata. Ba a tambayarsu a zaure. Mai unguwa ya ce Salihu ya bar unguwar kafin Juma'a.

Lahadi, da safe

Ban ci ba. Ba yunwa.

Litinin, da Azahar

Yayyen Hasana sun zo daga ƙauye, a can za ta yi takaba. Ta tsaya a bayan katanga ta ce, "Yaya Tani, na tafi. Allah ya saka miki." Ba ta zagayo ba. Ba ta ce a gaida Malam ba. Tani ta jingina goshi da bango har sawun jakinsu ya ɓace.

Na shiga gaida Ya Kaka. Ta rame. Ta ce, "Bawana ya gudu bai nemi izini ba." Sannan ta ce, "An ce kai ka suturta shi. Allah ya suturta ka, ɗan nan." Na buɗe baki. Ta ce in ɗauki goro a faifai. Na ɗauka.

Laraba, da hantsi

Da a ce ranar Lahadin nan da ya ɗaga mini ƙafa. Ina kan rufi, guduma kawai ce babu. Ko Talata. Gudumar tana soro ranar Talata.

Alhamis, da La'asar

Salihu ya tafi. Na dawo daga aiki na gamu da shi a bakin lungu, tabarma a kafaɗa, buta a hannu. Na so in wuce. Ya riƙe mini keke.

Ba faɗa ya zo yi ba. Da faɗa ne da na ji daɗi. Ya ce, "Malam Akawu, tambaya ɗaya. Tun ran Asabar nake juya abin nan. Ni dai na ga kamar na taɓa ta da hannuna, sumul, da sanyi. Amma jiya ma na ga Isiyaku yana alwala a bakin rijiya, har na ce masa ya rage mini ruwa. To ban san wanne zan riƙe ba."

Na ja keken, bai saki ba.

Ya ce, "Kai ba ka sha. Kai mai ilmi ne. Don Allah gaya mini, ba zan faɗa wa kowa ba, wa ma zai saurare ni. A toshe take, ko ni ne? In ni ne, to ni na kashe shi ni kaɗai, kuma na yi maka ƙazafi, sai ka yafe mini kafin in tafi."

Ya tsaya yana jira, da gaske yake jira.

Na ce masa rana tana yi, Ƙofar Dawanau da nisa, ya kama hanya.

Ya ce, "To. Ka yafe mini."

Na ce Allah ya yafe mana.

Juma'a, bayan Magariba

Tun ranar ruwan Tani ba ta ce mini komai ba sai ina kwana da ga abinci. Yau ta ajiye tuwo, ba ta tashi ba. Hannun ya fara warkewa, ta naɗe shi da tsumma.

Ta ce, "An ce Salihu ya nemi gafararka."

Na ce wa ya gaya miki? Ta ce lungu yana da kunne.

Na ce mata mutumin nan ko an gaya masa, gobe ya sha ya manta. Na ce magana ta wuce, mai unguwa ya yanke. Na ce kwana ne ya ƙare, ɗakin nan ko da rariya goma faɗuwa zai yi. Na yi magana da yawa. Ta bar ni har na gama.

Sannan ta ce, "Malam, ni ban taɓa shan komai ba. In na je na ce wa Ya Kaka Salihu ya yi gaskiya, me za ka ce na sha?"

Na jawo kwanon tuwo gabana. Ta jira kaɗan, ta ɗauki mayafinta daga kan igiya.

Ina jin ta buɗe ƙofar soro. Ina zaune. Keke ne ya tare hanya, na ji ta matsar da shi.